Hattara da masu tallan filayen Alaska da bidiyon karnukan ƙanƙara

Wannan gargaɗi ne ga duk mai ganin tallan fili mai araha a jihar Alaska ta Amurka a Facebook ko YouTube, musamman 'yan'uwanmu mazauna can. Mai tallan kan fito a matsayin gwanin tuƙa keken ƙanƙara da karnuka ke ja. Zai ce ya yi tseren karnukan ƙanƙara na Iditarod, ya san dajin kamar yunwar cikinsa, yanzu kuma yana sayar da eka biyar-biyar a biya kaɗan-kaɗan.

Tseren dai gaskiya ne. Tun 1973 ake yin sa a watan Maris, daga Anchorage zuwa Nome, kusan mil 1,000, kuma sunayen waɗanda suka kammala suna shafin masu shirya shi. Ku duba. Amma ko sunansa na ciki, iya kora karnuka ba shaidar mallakar fili ba ce.

Babban tarkon yana cikin bidiyon kansa. Shimfiɗaɗɗiyar farar hanyar da karnukan ke gudu a kai, sau da yawa kogi ne ko fadama da sanyi ya daskarar. Daga Afrilu zuwa Mayu ƙanƙarar ta narke, hanya ta ɓace, sai dai kwalekwale ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Kowane buhun siminti da kowace jarkar mai haka za a kai su, kuɗin dako na iya fin na filin. A wurare da dama kuma ƙarƙashin ƙasar a daskare yake shekara da shekaru. In aka ɗora gini kai tsaye, ɗumin ɗaki ya narkar da ita, harsashi ya nutse, bango ya tsage. Haƙa rijiya da masai ma aiki ne ja. Don haka ku nemi hotunan watan Yuli, da lambobin GPS na kusurwoyi huɗu, da taswirar safiyo mai nuna halastacciyar hanyar shiga.

Sai takarda. Ofishin rajistar filaye na jihar yana ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ƙasa, DNR, kuma ana bincika shi kyauta a intanet. Sunan da ke kan takardar mallaka ta ƙarshe dole ya zama na mai sayarwa. A hakan ma a tabbatar shi ɗin ne, domin 'yan damfara kan ari sunan mai filin da ya daɗe bai leƙa wurin ba. In ya ce quitclaim deed zai bayar, ku sani wannan takarda tana miƙa abin da yake da shi ne kawai, ko da ba shi da komai. Warranty deed ake nema, wato takardar da mai sayarwa ke ba da tabbacin cewa filin nasa ne, tare da inshorar mallaka. Kuɗi kuma su bi ta kamfanin tantance mallaka da ku kuka zaɓa, ba ta kirifto ko katin kyauta ba.

Wanda ya ce gwamnati na raba fili kyauta ƙarya yake yi: dokar tarayya da ta ba da wannan dama ta ƙare a Alaska tun 1986. Gwanjon filayen zama na jihar na mazaunanta ne kaɗai. Filin rabon 'yan asalin yankin mai takunkumi kuwa ba ya sayuwa sai da amincewar BIA, hukumar tarayya mai kula da harkokin 'yan asalin Amurka. Kuma mallakar fili a Amurka ba ta ba kowa biza ko izinin zama, duk abin da mai tallan zai faɗa.