Sharhina kan sashen ƙwaƙwalwa da ya duba ƙanwata

Gaskiya likitocin sashen nan sun san aikinsu, amma akwai inda suka ba ni haushi, shi ma zan faɗa.

Ciwon ƙanwata ya fara ne kamar mura da ciwon kai, sai bacci ya ƙaurace mata, sai surutai barkatai, tana ganin abin da babu, bakinta na ta motsi kamar mai tauna, har ta fara faɗuwa tana jijjiga. Inda muka fara zuwa maganin taɓin hankali suka ɗora ta a kai, jikinta ya ƙara sandarewa. Da aka turo mu nan aka yi hoton MRI ya fito lafiya lau, sai likitar ta ce ai da yawa masu cutar da take zargi haka hotonsu yake fitowa, ba a dogara da shi kaɗai. Ta sa aka yi EEG, gwajin da ke auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa, aka ɗebi ruwan ƙashin baya aka tura gwaji, sannan ta zaunar da ni ta min bayani cewa garkuwar jikinta ce ta juyo tana yaƙar ƙwaƙwalwarta, nau'in da ake kira anti-NMDA, wanda sai a 2007 ma aka gano shi kuma ya fi kama mata masu ƙananan shekaru.

Abin da ya fi burge ni wallahi, ba ta zauna jiran sakamakon ba don yana daɗewa, tana tabbatar da ba ƙwayar cuta ba ce ta fara ba ta sitiroyid ta ƙarin ruwa, aka bi da IVIG, wato sinadaran garkuwar jiki da ake tacewa daga jinin wasu a saka ta jijiya, da sauƙin ya ƙi zuwa sosai aka koma wani maganin danne garkuwar jiki da ake kira rituximab. Har hoton mara ta sa aka yi, don wani ƙari da ke fitowa a ƙwan mace yana iya tayar da cutar, Alhamdulillah babu.

Matsalata da su bayan sallama ce. Ba wanda ya gaya mana mantuwa da saurin fushi za su daɗe, ko cewa warkewar tana iya kai shekara 2, kuma ciwon yana iya dawowa. Sitiroyid ya kumbura mata fuska muka firgita, ka kira layinsu ba a ɗauka, ganin likita kuma sai an jira layi mai tsawo. Ko takarda ɗaya ce su riƙa ba iyali mai ɗauke da alamomin da za a gani a dawo da gaggawa, don mu ne muke kwana da ita a gida.