Shari'ar Laifi da Shari'ar Neman Haƙƙi a Ingila: Inda Suka Raba Gari

Kafin 1066, mutanen Ingila ba su cika bambanta laifi da ɓarna tsakanin mutum da mutum ba. Wanda ya yi kisa yana iya biyan dangin mamaci diyya, a rufe magana.

Sarki Henry na Biyu ne ya ƙarfafa rabuwar. A 1166 ya umarci mutum 12 daga kowace gunduma su rantse su faɗi sunayen waɗanda ake zargi da kisa, fashi ko sata. Babban laifi ya zama keta zaman lafiyar sarki, kuma dukiyar mai laifi ta koma baitulmali, ka ga da riba a ciki. A lokacin har ana jefa wanda ake zargi cikin ruwa: in ya nutse ba shi da laifi, in ya yi sama ya shiga uku. Coci ta janye hannunta daga wannan a 1215.

Neman haƙƙi kuwa, rigimar gona ko bashi, sai ka sayi takardar izinin sarki. In ƙararka ba ta dace da wata takarda ba, ka yi asara. Masu kuka suka riƙa zuwa wurin Chansela, babban jami'in sarki mai riƙe da hatiminsa, har aka samu kotu ta daban, sai dokokin 1873 zuwa 1875 suka haɗe ta da sauran manyan kotunan sarki.

A ganina, mai rigimar gona ya fi samun gata. Yana da lauya tun da daɗewa, amma wanda igiya ke jiran wuyansa sai a 1836 aka bar lauyansa ya yi wa masu yanke hukunci jawabi.