Boston fern daga wani lambun raino a Bauchi

Duk mai darbejiya ko mangwaro a tsakar gida ya san cewa furanni ba su cika yin kirki a ƙarƙashinsu ba, domin yawancinsu rana suke so. Wannan ne ya kai ni wani lambun rainon tsirrai da ke bakin titi a GRA ta Bauchi, inda aka ba ni shawarar in gwada Boston fern, tsiron ado mai dogayen ganyaye tsage-tsage da ke rankwafowa kamar gashin jimina.

Gaskiyar mai lambun ce ta fi burge ni. Kafin ya karɓi kuɗina ya ce, "Alhaji, idan rana tana dukan wurin da azahar, kada ka ɓata kuɗinka." Sannan ya yage ledar, ya nuna mini saiwar da kuma siraran jijiyoyin da tsiron ke miƙawa a bisa ƙasa, waɗanda da su, ko kuma ta hanyar raba gindi, ake samun sabon dashe, tun da ba ya fure balle ya yi 'ya'ya. Wuri ɗaya ya kuskure, da ya ce aurarren iri ne. Wannan nau'in sauyin halitta ne da aka gano a 1894 cikin tsirran da aka aika birnin Boston na Amurka.

Da damina tsiron bai ba ni wahala ba, ya yi kore shar, ya rufe bakin tukunyarsa. Hunturu ne abin ji, domin asalinsa na wurare masu ɗumi da laima ne, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iskarmu tana ƙona bakin ganyen ko da yana cikin inuwa. Sai da na matsar da tukunyar kusa da randa, ina yayyafa wa ganyen ruwa safe da yamma, kafin ya farfaɗo ya iya jure zafin Maris da Afrilu.

Ƙorafina shi ne ƙasar da suke raino a ciki laka ce mai riƙe ruwa, wadda ke ruɓar da saiwa, don haka dole mai saye ya sauya ta da haɗin yashi da ruɓaɓɓen ganye. Mai inuwa da wadataccen ruwa ya saya a watan Yuni, tsiron ya kafu kafin iska ta juya.