Ƙaramar tarakta ta farko: abin da na gani bayan ta yi min damina da rani

Jama'a masu ta tambayata a kan ƙaramar taraktar nan da na saya wa gonata, ga bayanin nan a dunƙule don kowa ya huta. A taƙaice na gamsu da ita, kuma da a ce yau ne zan sake saye irin girmanta zan ɗauka, amma fa ba kowa ne ya kamata ya bi sahuna ba, akwai wanda in ya saye ta kuɗinsa kawai ya ɗaure. Ƙirar Indiya ce, tana shan gas wato dizal, silinda 3, ƙarfin doki 25, kuma mai taimako ce wato duka tayoyin huɗu suna ja. Ban kama sunan kamfani ba don ba talla nake wa kowa ba, kuma masu wannan girman kusan duk kamarsu ɗaya, fenti da dila ne suka fi bambanta.

Gonar tana wajen Kura ne a jihar Kano, hekta 6 da 'yan kai, sama jigawa ce inda nake masara da dawa da wake, ƙasa kuma fadama ce mai laka inda nake shinkafa da damina, rani ya yi a zuba tumatir da alkama tunda ruwan madatsar Tiga yana iso mu ta kanal. Abin da ya tura ni saye ba son a ce ina da tarakta ba ne, jiran haya ne ya ishe ni. Duk wanda yake noma ya sani, ruwan shuka na sauka a watan Yuni kowa sai ya tashi neman tarakta rana ɗaya, shi kuma direba dole ya fara da mai hekta 30 kafin ya waiwayi mai hekta 3, kai ta kiran waya ana ce ma gobe in sha Allahu har laima ta wuce, ƙasa ta sake bushewa, ka shuka a makare kuma a kaka ka gani a buhu. Akwai manhajojin haya irin su Hello Tractor kuma suna taimakawa, sai dai ko da su in taraktocin yankinku kaɗan ne layi zaka bi.

Kafin in tsaya a kanta abu uku na auna. Na farko Massey Ferguson 375, wadda duk mun sani, ƙarfin doki 75, da yawa daga cikin waɗanda ke shigo mana ƙirar Pakistan ne, kuma gaskiya ba bakaniken tarakta a Arewa da bai san cikinta ba, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Wannan babban dalili ne ga mai son sayenta, kada wani ya raina shi. Amma ga gona irin tawa ta yi yawa, kuɗinta, gas ɗinta, ga nauyi, in ta shiga ƙananan fangalin shinkafa juyawa ma aiki ne, sai ta rushe maka gefen fangali ka koma gyara da fartanya. Na biyu 'yar hannu mai taya biyu da ake bi a baya, yawanci ƙirar Sin, ita wannan a fadama gwana ce kuma ta fi araha nesa ba kusa ba, wanda gonarsa ba ta wuce hekta 1 ko 2 ba wallahi ita zan ce ya saya ya riƙe sauran kuɗinsa ya sayi taki, sai dai mai bin ta yana gajiya sosai kuma busasshiyar ƙasa tana ba ta wuya. Na uku tokumbo na Japan, su Kubota da Yanmar da Iseki, injinansu ba a magana, tsit kamar ba a kunna ba, amma an ƙera da yawansu ne don gonakin shinkafar can, rubutun jikinsu da yaren Japan, kuma in ƙaramin abu ya lalace a tsohon samfurin da ba dilansa a nan sai ka ga tarakta ta kwana wata guda a ƙarƙashin bishiya ana jiran kaya.

Toh yanzu aikinta. A jigawa ba ta da matsala ko kaɗan, tana jan ƙaramar garma mai faranti biyu da ƙaramin haro mai farfasa ƙasa, ba gudu take ba amma aikin yana fita tsaf, kuma tunda tawa ce da asuba bayan ruwa ya sauka muna cikin gona kafin rana ta ɗaga. Inda ta fi burge ni shi ne fadama da rotabeta, wato na'urar nan mai wuƙaƙe masu juyawa da ake ɗaura mata a baya. Ka ga laka ta sha ruwa daidai, a sa giya ta ƙasa, a saki rotabeta, wuƙaƙen suna juyawa suna yanka tushen shinkafar bara suna cakuɗa shi da ƙasa, bayanta ƙasa na fitowa lukui a baje, ka dunƙula a hannu ta watse, ba manyan hoge irin wanda haro ke bari sai an sa yara sun bi suna farfasawa. A nan ne amfanin taimako yake fitowa, don na ga inda tayar baya ta fara juyawa a banza tana watsa taɓo, direba ya saka taimako ya taka makullin da ke sa tayoyin baya su juya tare, ta fice abinta. Duk mai fadama kada ya yarda a sayar masa da marar taimako don ragin kuɗi, ƙaramar tarakta ba ta da nauyin da za ta kama ƙasa da taya biyu kaɗai.

Ga tirela kuma, wannan ma kusan shi ya fi yawan aikin da take yi a shekara, ɗaukar takin gida zuwa gona, kwaso buhunan shinkafa, kara, kwandunan tumatir zuwa bakin titi, abin da da sai na nemi amalanke ko a-kori-kura.

Sai inda ta gaza, kuma wannan nake so a karanta da kyau don dila ba zai faɗa maka ba. Gajera ce, cikinta kusa da ƙasa yake, kuma tsakanin tayoyinta ƙunci ne. Mu nan noman kunya muke, masara ana ba ta tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, to in faɗin tayoyin bai yi daidai da kwarin kunya ba sai ta riƙa taka kan kunyar da ta yi, kuma da masara ta kai gwiwa shi kenan ba ta shiga banƙasa, cikinta zai riƙa kwantar da shuka. Ana iya juya rim a ɗan ƙara faɗi, mun yi hakan ya taimaka wajen huɗa, amma banƙasa har yanzu shanu ne ke yi min, don haka mai shanun huɗa kada ya yi gaggawar kai su kasuwa. Ka ɗauki tef ka je da shi wajen dila ka auna tsakiyar taya zuwa tsakiyar taya da tsayin cikinta daga ƙasa, ka haɗa da irin kunyar da kake yi. Na biyu gabanta ba nauyi, in aka ɗaga rotabeta za a hau gefen kanal sai ka ji sitiyari ya yi sakwaf tayoyin gaba suna neman barin ƙasa, dole a ɗaura mata ƙarafan nauyi a gaba kuma su ma sai ka biya daban. Na uku in ƙasa ta bushe ƙaf a watan Maris ko Afrilu kace zaka yi kaftu da ita, wahalar da inji kawai kake, wannan aikin manya ne.

Maganar kuɗi ba zan rubuta farashi ba don tun da aka saki Naira a 2023 farashin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Abin da zan ce shi ne kuɗin tarakta ba shi ne ƙarshen lissafi ba, ita kaɗai ba ta noma komai, sai da garma, haro, rija mai yin kunya, rotabeta da tirela, kuma in ka haɗa su kuɗi ne mai kauri. Kada kuma ka ce zaka ari na maƙwabci mai babbar tarakta, maƙalin bayan nan mai hannu uku da ake ɗaura kayan aiki a jikinsa girma girma ne, ƙanana irin tawa lamba 1 suke ɗauka, manyan da yawa lamba 2, ƙusoshin ma ba kauri ɗaya ba, ko ya shiga ma haidurolik ɗinta ba zai ɗaga ba. Sandar baya mai juya rotabeta, wadda bakanikai ke ce wa PTO, ka tabbatar mai juyi 540 a minti ce don yawancin kayan da ke kasuwa da shi suke aiki. Tirela da rija masu walda na gida suna yin su da kyau in ka ba su awo, ni tirelata a gida aka haɗa kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba, amma rotabeta gara na kamfani.

Inda raina ya ɓaci wajen dila ne. Ranar saye an yi min alkawarin cewa kayan gyara suna nan jibge a sito kuma za a turo bakanike sabis na farko, da lokacin ya yi sai waya ta koma ba a ɗauka, filtar gas ma sai da na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da tsohuwar a hannu ina gwadawa shago shago kafin aka dace da wadda ta hau. Shi ya sa nake cewa kafin ka biya ko sisi ka ce a nuna maka filtar mai, filtar gas, filtar iska, fanbel da farantin kuloci a kan kanta da idonka, ka saya ka tafi da su tare da taraktar, sannan ka je wajen bakaniken da ya fi kusa da gonarka ka tambaye shi, malam ka taɓa buɗe irin wannan injin? In ya ce a'a, ka sake tunani ko da an yi maka ragi.

Gas tana sha daidai misali, a aikina tsakanin lita 2 zuwa 3 a awa gwargwadon nauyin aikin, kuma da yadda gas ya yi tsada wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma ba ta son gas ɗin bakin hanya mai ruwa da datti, nozul da famfo ne ke fara mutuwa kuma gyaransu da tsada, ni a gidan mai nake saye a jarka mai tsabta in bar shi ya kwanta kafin a zuba. Baƙin mai na farko ana juye shi a awa 50, bayan nan ka bi littafinta da agogon awa na jikinta, giris kuma kada a yi masa rowa musamman bayan an fito daga taɓo. Lokacin hunturu ƙura tana cika filtar iska da wuri, lokacin girbi kuma ƙaiƙayi da ganye suna toshe ragar lagireto, in ba a kakkaɓe kullum da safe ba zaka ga allurar zafi tana hawa.

Abu ɗaya da nake roƙon duk wanda zai saya, don Allah a kula da rai. Ƙaramar tarakta tana kifewa cikin sauƙi a gefen kanal ko gangare saboda ƙuncinta, ƙarfen nan da ke tsaye bayan kujera don kare direba aka yi shi, kada a cire don wai yana taɓa reshen mangwaro, kuma a ɗaura bel. Yara ba sa hawa kan madigadi, ko da sun yi kuka. Sandar PTO kuwa in tana juyawa ba murfi ta kama bakin riga ko rawani kafin a kashe inji ta gama da mutum, direbana ba ya matsawa kusa da ita da manyan kaya kuma ba a taɓa rotabeta sai an kashe an zare makulli.

Wanda zan ce ya saya shi ne mai hekta kamar 4 zuwa 10 a wuri ɗaya ko kusa da juna, musamman in yana noman rani yadda za ta yi aiki shekara gaba ɗaya, in ma ya samu sarari ya yi wa maƙwabta rotabeta su biya ya rage kuɗin gas. Wanda niyyarsa haya ce zalla, gari gari yana kaftun manyan gonaki, ya tara kuɗi ya sayi babba, wannan ba za ta ɗauki wannan dukan ba. Kuma ko wace ka zaɓa, ka nemi a kawo ta gonarka ko gona mai irin ƙasarka a ɗaura mata garma ka ga aikinta kafin ka tura sauran kuɗin, ko da kai ne zaka biya kuɗin ɗaukowa.