Sharhi Kan Littafin Mutanen Ɓoyen Birnin Katsina da Na Saya

Duk wanda ya tambaye ni ko littafin nan ya ci kuɗinsa, amsata ita ce ya ci, sai dai rabinsa na farko ne ya biya wa na biyun bashi. Labari ne na aljanu da wata marubuciya 'yar nan Katsina take sayarwa ta zauren WhatsApp. Za ka tura N1,000 ta banki, ka aika shaidar biya, a saka ka a ciki. Mai son na saurare ya ƙara N500. Ni duka biyun na biya, domin ɗinki nake yi, hannu da ido suna kan keke, kunne ne kaɗai yake da sarari. Ba zan kama sunanta ko na littafin ba, tunda akwai ƙorafi a maganata, kuma na riga na gaya mata shi baki da baki.

Littattafan aljanu da muka taso da su, sai jarumi ya bar gida, ya keta dazuzzuka, ya haye teku, kafin ya iske birninsu. Nan ba haka ba ne. Mutanen ɓoyen wannan labari cikin garin Katsina suke, unguwa ɗaya da mu, kasuwa ɗaya da mu. Jarumin ma ba ɗan sarki ba ne, matashi ne mai tuƙa Keke Napep, wato kurkura, wanda kullum lissafinsa bai wuce kuɗin mai da abin da zai kai wa mai kurkurar da dare ba.

Babi na farko shi ya kama ni. Bayan isha ya ɗauki wata tsohuwa a wajen Ƙofar Marusa, da ƙunshinta a hannu. Ya ce, "Iya, ina muka nuhwa?" Ta ce, "Kai dai tahi, ɗan nan, in mun kai zan hwaɗa maka." Suna tafe tana nuna masa hanya, amma da sunayen abubuwan da babu su yanzu: ya karya ta gindin wata kuka inda shaguna ne jere, ya kauce wa kududdufi inda gidaje ne masu bene. Da ta sauka a wajen Ƙofar Guga ta damƙa masa kuɗi a duhu. Sai da ya tsaya wurin mai shayi ya buɗe hannu ya ga kwabbai masu huji, irin waɗanda aka daina ciniki da su tun zuwan naira a 1973. Babu hayaƙi, babu jajayen idanu, babu ƙofato. Amma a nan na tsayar da keken ɗinki na mayar da sautin baya.

Abin da marubuciyar ta gane, wanda da yawa ba su gane ba, shi ne Bahaushe ba ya bukatar a gina masa wata ɓoyayyiyar duniya daga tushe. Da ita ya tashi. Tun muna yara ake kiran mu gida da magariba, ake hana mu zubar da ruwan zafi ba bisimilla, ake ja mana kunne kan gindin tsamiya da rana tsaka da kan juji da kangon gida. Ta ɗauki waɗannan ta mayar da su dokokin zaman maƙwabtaka tsakanin al'umma biyu. A labarin, ruwan zafin da wata amarya ta watsa a tsakar gida shi ya ƙona ɗan wani aljani, har aka kai ƙara. Suna da mai unguwa, suna da alƙali, suna da talakawa da masu hali. Dattawansu kan zauna bayan dare ya raba a gindin hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, kuma tsohon alƙalinsu yana ba da labarin karatun da ya saurara a garin tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, a ƙarni na 17. Mutum ya saba wucewa ta wuraren nan bai ɗaga kai ba. Bayan littafin na fara ɗagawa.

Rikicin labarin ma daga ƙasa ya taso. An sare itatuwa, an cike kududdufai an yanka filaye, ganuwa ta zaizaye, sai mutanen ɓoye suka rasa matsuguni suka fara cusuwa cikin gidajen mutane, wasu a silin, wasu a tsofaffin rijiyoyin da aka rufe. Masu haƙuri a cikinsu suna cewa a zauna lafiya, matasansu suna cewa a rama. Wanda ya san yadda garin nan ya faɗaɗa, ya kuma ga mutanen ƙauye da rashin tsaro ya koro suna raɓe a gidajen 'yan uwa, zai ji wannan ɓangaren a ƙirjinsa. Ba ta fito ta faɗa ba, ta bar mai karatu ya haɗa da kansa, kuma na yaba mata a kan haka.

Ta fuskar addini na shiga da ɗari-ɗari, don na sha ganin labarai da suke mayar da boka gwarzo. Nan an kiyaye. Aljanunta akwai musulmi akwai waɗanda ba musulmi ba, kamar yadda Suratul Jinni ta nuna. Suna ganin mu ta inda ba ma ganin su. Ƙashi abincinsu ne, kamar yadda ya zo a hadisi, shi ya sa a labarin bayan mahauta ne babbar kasuwarsu. Mafi muhimmanci, ba su san gaibu ba. Akwai inda wani attajiri ya biya maƙudan kuɗi don a gaya masa abin da zai faru gobe, aljanin ya tuna masa cewa kakanninsu sun ci gaba da yi wa Annabi Sulaimanu aiki bayan ya rasu, ba su sani ba sai da gara ta cinye sandarsa. Bori kuma ta kawo shi a matsayin abin da yake cikin tarihinmu, da garaya da girka da birnin Jangare mai zauruka 12, da sunaye irin su Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Inna, ba tare da ta yi masa talla ba, ba kuma tare da ta mayar da masu yinsa dodanni ba.

Daga tsakiya ne aka saki hanya. Kwatsam sai ga wata ƙungiya ta masu shan jini, masu dogayen fiƙoƙi, masu tsoron hasken rana, sanye da baƙaƙen kwat. Waɗannan daga finafinan Amurka suka fito, ba daga kowace unguwa ta Katsina ba, kuma suna shigowa na ji labarin ya daina yi mini magana. Abin ya dame ni domin ba rashi ya kawo aron ba. Muna da labaran mayu da kamun kurwa, muna da na mutanen da ake cewa suna rikiɗa su koma kura. Da ta taɓa maita, da ta samu damar nuna yadda zargin yake rusa rayuwar tsofaffin mata da ba su ji ba ba su gani ba, abin da har gobe yake faruwa. Sannan aka ɗora soyayya tsakanin jarumin da wata aljana da 'yar maƙwabtansu, babi bayan babi na kishi da kwalliya, shari'ar yaron da aka ƙona tana jira.

Babin Daura shi ma bai gamsar da ni ba. An je rijiyar Kusugu, an maimaita abin da kowane ɗan firamare ya sani: Bayajidda, macijin da ake kira Sarki, ɗibar ruwa ranar Juma'a kaɗai, auren Daurama. Amma babu garin a ciki. Katsinarta kana jin ƙurarta da hayaniyarta, Daurarta kuwa sunaye ne kawai.

Batun hidimar kanta, an yi alkawarin babi kullum, aka koma sai an ga dama, wani lokaci mako ya wuce shiru ba bayani. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya kamata ko uzuri ya riƙa bayarwa. Rubutun yana da kurakurai, babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, ga Turanci ana cusawa inda Hausa take da kalma. Mai karanta na sauraren kuwa gwana ce, Katsinancinta tsaf, muryar tsohuwar nan daban, ta matashin daban. Matsalar kiɗan tsoratarwa da aka sa a ƙasa ne, yakan danne magana, kuma in keken ɗinki yana aiki ko an tada janareta a layin, ba ka jin komai sai da abin kunne. Fayilolin kuma manya ne, suna cin data.

Ban ba yara shi ba, kuma mai saurin firgita kada ya saurara da dare shi kaɗai. Ɗan Katsina da yake zaune wani gari kuwa, ko don unguwannin zai ji daɗinsa. An ce kashi na biyu yana nan tafe. Zan biya, amma rubutaccen kaɗai, sai in an rage kiɗan, kuma abin da zan fara dubawa shi ne ko an koma kan shari'ar nan ta gindin Gobarau.