Rigar Ichiro a gwanjo

Jama'a rigar besbol ɗin nan da na tsinta wajen masu gwanjo a babbar kasuwar Katsina wallahi ta yi, yadi mai kauri, lamba 51 ɗin ma ɗinki ce ba manni ba, ta sha wanki ko gezau. Mai shagon bai ma san ta wa ce ba, wai "ta 'yan ƙwallo ce Alhaji". Ta Ichiro Suzuki ce fa, ɗan Japan mai tsaron bayan fili a ƙungiyar besbol ta Seattle Mariners ta Amurka, wanda ya yi bugun nasara 262 a kakar 2004 kuma har yau ba wanda ya kamo shi, sai 2019 ya ajiye wasa. Matsalarta zafi, da rana tsaka ba ta sawuwa sai dai lokacin hunturu. Maɓalli ɗaya babu, tela ya sa min wani.