Me za ka saya don sarrafa rauta da suwic daga nesa?

Duk mai kula da rauta da suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna da kuma intanet, a ofisoshi uku ko huɗu ya san takaicin shiga mota don kawai ya je ya buga umarni layi biyu. To amma kafin ka fitar da kuɗi, fara duba na'urar kanta. Idan mai kaya ya ce Telnet kaɗai take yi, wato tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, bar masa abinsa. Telnet tun 1969 yake, kuma kalmar sirrinka a fili take tafiya, wanda ya kasa kunne a hanya zai karance ta tsaf. Ta wannan ƙofar ce muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban kyamarori da rauta a 2016. Nemi mai SSH, hanyar shiga da ke ɓoye abin da kake aikawa, sigar ta 2. Suwic ɗin Cisco na gwanjo kuwa, leƙa sunan manhajarsa: in babu k9 a ciki, babu SSH.

Manhajar da za ka ɗora a kwamfuta ba abin damuwa ba ce sosai. PuTTY kyauta ce, kuma ta ishi mai na'ura biyar. MobaXterm ta kyauta tana adana haɗi 12 kacal. SecureCRT ta kuɗi ce, ba kuma za ka ga amfaninta ba sai ranar da kake son tura umarni ɗaya ga suwic talatin lokaci guda. Termius tana aiki a waya, ko da yake rubuta dogon umarni da babban yatsa gwajin haƙuri ne.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne ƙofar baya, wato wata hanyar shiga idan ta SSH ta yanke. SSH ta cikin hanyar sadarwar da kake gyarawa take bi, don haka kuskure ɗaya a dokar shinge, wato firewall mai tantance wanda zai shiga, sai ka rufe kanka a waje, kamar mai saran reshen da yake zaune a kai. Masu ƙera na'urorin sun san da haka. A na'urorin Juniper, umarnin commit confirmed yana mayar da tsohon saiti bayan minti 10 in ba ka tabbatar ba. MikroTik na da Safe Mode, mai soke canje-canjen in haɗinka ya yanke. A Cisco kuwa mukan buga reload in 10 kafin mu taɓa komai, don na'urar ta sake tashi da saitin da aka adana bayan minti 10. Tambayi wanne na'urar take da shi.

Sai wayar konsol, wato kebul da ke haɗa kwamfuta kai tsaye da na'urar, mai RJ45 a baki ɗaya da USB a ɗayan, galibi a gudun bit 9600 a daƙiƙa. Ɗauki mai guntun lantarki (chip) na kamfanin FTDI. Masu arha da jabun guntu kan ƙi aiki da Windows daidai lokacin da ake buƙatarsu. Wayar konsol dai sai kana tsaye gaban na'urar. Ga reshen ofis mai nisa, sabar konsol, wato na'urar da ke kai ka ga konsol daga nesa, irin ta Opengear mai ɗaukar layin waya ita ce magani, sai dai da tsada. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da modem da wayoyin konsol biyu za su yi kusan aikin, in za ka iya kula da su. Ko wanne ka zaɓa, ba shi batirinsa daban, kada ɗaukewar wuta ta kashe shi tare da rautar.